BABI NA UKU: GAM DA MATSAYINSA A ƘIRAR KATAKON HAƊI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar kafinta da yadda ta sami gindin zama a Birnin Kabi da Argungu. A wannan babi kuwa za a dubi wani abu wanda ido ba ya gani a jikin kayan da kafinta ke ƙerawa, alhali shi ne ke riƙe da su, wato gam ɗin da ake haɗa katakon zamani da shi a masana'anta. Dalilin keɓe masa babi guda shi ne, mafi yawan gadaje da sif da kabad da ake jera wa amare a yau ba da tsagaggen itace ake yin su ba, da katakon haɗi ake yi. Iyaye kan shafe shekaru suna tanadi domin waɗannan kaya, amma sau da yawa damina ɗaya ko biyu ta isa ta kumbura ƙafar gado, ko ta sa ƙyauren sif ya zazzago. Idan haka ta faru, kafinta ake ɗora wa laifi. Sai dai kamar yadda za a gani, tun kafin allon ya iso hannunsa an riga an yanke hukuncin yawan shekarun da zai yi, kuma gam ne ya yanke shi.

3.1 Daga Sassaƙa Zuwa Katakon Haɗi

Bahaushe ya daɗe yana aiki da itace, amma bai dogara ga liƙi ba. Masassaƙi gungume ɗaya yake samu na kirya ko maɗaci ko kaɗanya, ya fafe shi da gizago har ya fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata. Haka ma kwalekwalen da Kabawa suka saba shiga gulbi da shi, daga gungume guda ake fafe shi. Inda kuwa ake bukatar haɗa abu biyu, ɗauri ake yi ko ɗinki, shi ya sa ko ƙwarya ce ta tsage ɗinke ta ake yi. Abubuwan da aka sani masu danƙo, irin su ƙaro da kakin zuma da kullun gari, an fi amfani da su wajen haɗa tawada da aikin dukanci da toshe ɓula.

Katakon haɗi kuwa akasin sassaƙa ne. Mai sassaƙa yana rage babban abu ne har ya zama ƙarami, shi kuwa mai masana'anta yana tara ƙananan abubuwa ne ya mayar da su babba. Abin da ake nufi da katakon haɗi a wannan nazari shi ne duk wani allo da aka samar ta hanyar fere itace ko daddatsa shi ko niƙe shi, sannan a sake haɗe shi da gam a cikin injin matsi. Iri uku ne suka fi yawa a hannun kafintocin Birnin Kabi da Argungu. Akwai filawud, wanda ake fere gungume falle-falle kamar ana warware tabarma, a jera fallayen uku ko biyar ko bakwai, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙasa da shi. Akwai allon ɓarɓashi, wanda ake yi da guntayen itace da dusar katako. Sai kuma wanda kafintoci ke kira Em-Di-Ef, wanda ake dafa itace da tururi a niƙe shi har ya koma zare-zare kamar auduga. Dukkansu sukan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kaurinsu kuma daga milimita 3 har zuwa 18 ko fiye.

A Nijeriya, masana'antar filawud da ta fi shahara a da ita ce ta kamfanin African Timber and Plywood a Sapele, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1940. Allon da ke isowa kwarin Rima a yau kuwa, mafi yawansa daga ƙasashen waje yake, musamman ƙasar Sin, ya sauka a Legas sannan a yo arewa da shi a mota.

3.2 Yadda Gam ke Kama Itace

Itace ba toshe yake ba kamar ƙarfe. Idan aka dube shi da madubin ƙara girma za a tarar cike yake da ƙananan kafofi, waɗanda ta nan ne ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiya ke raye. Gam yana zuwa ne da ruwa-ruwa, ya jiƙa fuskar itacen, ya kutsa cikin waɗannan kafofi, sannan ya daskare a ciki. Ke nan ya zama kamar dubban ƙananan yatsu da suka riƙe ɓangarorin biyu. Baya ga wannan, akwai kuma jan juna da ke tsakanin sinadaran gam ɗin da na itacen kansu. Wannan ne ya sa ake busar da itace sosai kafin a shafa masa gam, domin in kafofin na cike da ruwa, gam ɗin zai tsinke ya nutse, kuma tururin da zai taso a cikin injin matsi yana iya tsaga allon.

Ta fuskar daskarewa, gam ya kasu gida biyu, kuma fahimtar wannan rabo shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Kashi na farko kamar man shanu yake: in ya ji sanyi ya daskare, in ya ji zafi ya saki jiki. Kashi na biyu kuwa kamar ƙwai yake: da zarar an dafa shi ya daskare, babu wutar da za ta mayar da shi ruwa. Masana'antun katakon haɗi da kashi na biyu suke aiki, shi ya sa injinansu ke haɗa matsi da zafi a lokaci guda.

Kafin zuwan gam ɗin sinadarai, daga dabbobi da tsirrai ake samun abin liƙi. Akwai wanda ake yi da fata da ƙashi ta hanyar dafa su, wanda tun zamanin Fir'aunonin Masar ake liƙa fallen itace da shi. Akwai na jini, da na kindirmon nono wanda ake cuɗawa da farar ƙasa, da na sitacin rogo, da na waken suya wanda masu filawud a Amurka suka runguma a shekarun 1920. Duk waɗannan suna riƙo matuƙar wuri a bushe yake. Matsalarsu ita ce abinci ne: in laima ta same su sai su yi laushi, fumfuna ta cinye su.

3.3 Gam ɗin Yuriya

Wannan shi ne ya fi kowane yawa a duniya, kuma shi ne ke cikin mafi yawan allon ɓarɓashi da Em-Di-Ef da filawud mai araha. Saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Abubuwa biyu ake haɗawa a same shi. Na farko shi ne yuriya, wato farin takin zamanin nan da manoman shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kabi suke watsawa a gonakinsu. Na biyu shi ne fomaldihaid, wani sinadari mai kaifin wari wanda ake samu daga metanol, shi kuma metanol daga iskar gas. Ma'aikatan asibiti sun san shi da sunan fomalin, domin da shi ake adana gawa da sassan jiki don kada su ruɓe. Idan aka dafa waɗannan biyu tare sai su ba da wani farin ruwa mai kauri. A masana'anta akan ƙara masa ɗan gishirin amoniyam wanda ke sa shi tsami, a fesa shi a kan ɓarɓashin itace, sannan a matse a zafin da ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Cikin 'yan mintoci ya daskare. A allon ɓarɓashi nauyin gam ɗin kan kai kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, a Em-Di-Ef kuma yakan ɗara haka kaɗan, domin zare ya fi ɓarɓashi yawan fuskar da ke bukatar shafawa. A filawud kuwa akan cuɗa shi da garin alkama ko na rogo domin ya yi auki.

A ƙasar Jamus aka fara sayar da shi don aikin katako a farkon shekarun 1930 da sunan Kaurit, sannan a Ingila aka fito da Aerolite a shekarar 1937. Ya yi suna ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka koma gare shi wajen ƙera jirgin saman yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda jikinsa na filawud ne, kuma da farko da gam ɗin nono ake haɗa shi. Bayan yaƙi, shi ne ya ba allon ɓarɓashi damar yaɗuwa, kasancewar yana da araha, yana daskarewa da wuri, kuma ba shi da launin da zai ɓata fuskar allo.

Amma yana da aibi babba. Ƙullin da ke tsakanin yuriya da fomaldihaid ruwa na iya warware shi a hankali, musamman in an haɗa da zafi. A nan ne yanayin kwarin Rima ya shigo cikin maganar. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, itace ya bushe har ruwan jikinsa ya koma kashi 4 ko 5. A bazara, wajen Afrilu, zafi kan wuce digiri 40. Da damina ta kankama a watan Agusta kuma, wannan itacen dai zai sha laima har ruwan jikinsa ya kai kashi 14 ko fiye. Itace kuwa in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke. Ke nan kowace shekara gam ɗin yana shan ja da saki, ga kuma laima da zafi suna cin sa. Tsagaggen itace in ya kumbura yana komawa yadda yake. Allon ɓarɓashi ba haka yake ba, domin matse shi aka yi da ƙarfi, gam ne kawai ya hana shi miƙewa. Da zarar gam ya saki, ɓarɓashin zai tashi, kuma ba zai sake kwanciya ba ko an shanya shi a rana wata guda.

Ba sai an yi ambaliya irin ta shekarar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a Jihar Kabi, sannan wannan zai faru ba. Ruwan goge ɗaki da ke taɓa gindin sif kullum, ko randa da aka ajiye kusa da kabad, ko sanyin da daɓen siminti ke tsatsowa da shi a damina, duk sun isa. Shi ya sa lalacewar kayan ɗaki kusan kullum daga ƙasa take farawa, daga bakin da aka yanka da zarto ba a rufe ba.

3.3.1 Warin Sabon Kabad

Wani abin da ke biyo bayan warwarewar wannan gam shi ne fitar fomaldihaid cikin iska. Duk wanda ya taɓa buɗe sabon kabad ya ji wani wari mai yaji yana sa ido hawaye, to shi ne. Wasu kan ɗauka warin fenti ne, wasu ma alamar sabunta suke ɗaukar sa. Kaɗan daga cikinsa yana kawo ƙaiƙayin ido da maƙogwaro da tari, yana kuma tayar da ciwon asma. A shekarar 2004 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na bayan hanci. A Amurka maganar ta yi ƙamari bayan guguwar Katrina ta shekarar 2005, lokacin da mutanen da aka tsugunar a ƙananan gidajen wucin-gadi masu cike da irin wannan allo suka riƙa kukan rashin lafiya. A shekarar 2010 ƙasar ta kafa dokar da ta iyakance yawan abin da allo zai fitar. Ƙasashen Turai su ma suna da ma'aunin da suke kira E1, wanda akan buga a jikin allo ko takardarsa. Masana'antu sun cim ma wannan ne ta hanyar rage yawan fomaldihaid a cikin haɗin.

Abin lura a nan shi ne, zafi da laima suna ƙara yawan fitarsa. Ɗakin amarya kuwa ɗaki ne da ake cikawa da sababbin kaya bango zuwa bango, a rufe taga da labule, a ƙara da turaren wuta, kuma sau da yawa a cikinsa ake goyon ɗan fari. Shi ma kafinta da yaransa da ke yanka allon ba tare da rufe hanci ba suna shaƙar ƙurarsa kullum. Barin sababbin kaya su sha iska na wasu makonni kafin jere, da rufe duk bakin da aka yanka, suna rage matsalar ƙwarai.

3.4 Gam Mai Jure Ruwa

Idan aka cire yuriya aka sa finol a madadinsa, sai a sami gam mai launin ja mai duhu wanda ruwa ba ya warware shi, ko da tafasasshe ne. Asalinsa daga aikin Leo Baekeland ne, wanda ya haɗa robar Bakelite a Amurka a shekarar 1907. Yana bukatar zafin da ya fi na yuriya, wajen digiri 130 zuwa 150, yana kuma daɗewa a cikin inji, ga shi finol daga man fetur ake samun sa, don haka ya fi tsada. Shi ne ke cikin filawud na waje da wanda kafintoci ke kira marin, da kuma baƙin allon da magina ke zuba kankare a cikinsa. Fomaldihaid ɗin da ke cikinsa a ɗaure yake tamau, bai cika fita ba. Duk wani aiki da zai haɗu da ruwa, kamar ƙyauren banɗaki ko akwatin mai sayar da kifi a bakin Matan Fada, wannan allon ne ya dace da shi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai na melamin, wanda galibi gauraya shi ake yi da na yuriya domin ya ƙara masa jure laima. Allon da aka yi da shi akan rina cikinsa kore don a gane shi. Da melamin ɗin ne kuma ake jiƙa takardar ado mai sheƙi da ke lulluɓe fuskar allo. A nan ne masu saye da yawa ke ruɗuwa, domin fuskar tana tare ruwa, sai a zaci cikin ma haka yake.

Na ƙarshe shi ne aisosayanet, wanda babu fomaldihaid a haɗinsa. Da laimar jikin itacen yake daskarewa, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa. Illarsa ita ce tsada, da manne wa ƙarfen inji, da kuma hatsarin tururinsa ga huhun ma'aikata kafin ya daskare.

3.5 Gam ɗin Shago da na Masana'anta

Ya kamata a bambanta duk waɗannan da gam ɗin da kafinta ke saye a gwangwani. Farin gam, irin su Top Bond, da kuma mai danƙon roba irin su Evo-Stik da ake liƙa fomaika da bakin allo da shi, duk daga kashin man shanu suke. Aikinsu haɗa allo da allo ne, ba haɗa cikin allon ba. Wannan ne dalilin da ya sa bakin tebur ke ɓamɓarowa a bazara, haka kuma shi ne dalilin da ya sa in allo ya kumbura, ɗura masa farin gam ba ya gyara shi.

Tambayar da ta rage ita ce yadda kafinta zai gane irin gam ɗin da ke cikin allon da ya saya, tunda ba kowane allo ke zuwa da shaida ba. A filawud ana iya duba gefensa: layin finol baƙi-baƙi ne, na yuriya kuwa fari. Amma launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana iya rina gam. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na tafasa. Ƙa'idar Turai ta filawud na waje ta ƙunshi tafasa yanki na tsawon awa 72 ba tare da fallayen sun rabu ba. Kafinta ba ya bukatar kaiwa can. In ya jefa guntun allo a tukunyar ruwa ya hura wuta, na yuriya zai ɗaɗɗaye cikin 'yan awoyi, na finol kuwa zai fito yadda ya shiga. Abin takaici shi ne, ko kafinta ya gane, ciniki ne ke da magana ta ƙarshe, domin mai saye da ido yake saye, kuma gado biyu masu kama ɗaya wanda ya fi araha zai ɗauka.

3.6 Abin da Ƙasar Kabi ke da Shi

Ko da yake shigo da allo ake yi, akwai albarkatu biyu a wannan yanki da suka shafi wannan sana'a kai tsaye. Na farko shi ne ƙaiƙayin shinkafa. Tun bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, da buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga kuma ta Labana a Birnin Kabi, ƙaiƙayi ya yawaita, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ƙaiƙayi ne. Ana iya yin allon ɓarɓashi da shi, sai dai a nan ma gam ne ke da iko. Bayan ƙaiƙayi yana da santsi kamar an shafa masa kaki, kuma yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, saboda haka gam ɗin yuriya, wanda ke ɗauke da ruwa a haɗinsa, ba ya jiƙa shi yadda ya kamata. Sai an niƙa ƙaiƙayin, ko an wanke shi da ruwan soda, ko kuma an koma ga finol ko aisosayanet masu tsada.

Na biyu shi ne bagaruwa. Abin da ke sa majema jiƙa fata a ruwanta shi ne wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, wanda dangin finol ne, kuma shi ma yana ƙulluwa da fomaldihaid ya daskare. A Afirka ta Kudu, tun shekarun 1970 ake yin gam ɗin allon ɓarɓashi da tanin da ake tatsa daga ɓawon wata bishiya 'yar'uwar bagaruwa, wadda ake shuka ta gandu-gandu don wannan aiki da kuma jima. A Sudan ma, inda ake kiran 'ya'yan bagaruwa garad, an gwada haɗa allo da taninta. Wahalar da ake fuskanta ita ce ruwan da aka tatsa yana zuwa da sukari da ƙaro waɗanda ke rage masa ƙarfi, yana kuma saurin yin kauri kafin a gama fesa shi, don haka akan tace shi ko a gauraya shi da ɗan finol kafin ya shiga inji.